Wai akwai kalmar da ta gagari tafinta?

Duk mai yawan shiga intanet ya taɓa cin karo da irin jerin nan: kalmomi goma ko ashirin na harsunan duniya waɗanda wai ba su da fassara. Za a sa hoton daji mai kyau a rubuta komorebi, a ce da Japananci hasken rana ne da ke ratsowa ta tsakanin ganyen itatuwa. A kawo tsundoku, ɗabi'ar sayen littattafai ana jibgewa ba a karantawa. Daga ƙasar Danmak a kawo hygge, wato daɗin zama a ɗaki mai ɗumi tare da naka, ga kyandir ga abin sha mai zafi, waje kuwa ana muku-mukun sanyi. Abin dariyar shi ne, a ƙarƙashin kowace kalma da aka rantse ba ta fassaruwa, ga fassararta nan an rubuta ɓaro-ɓaro, mai karatu kuma ya gane sarai.

To me masu jerin suke nufi? Galibi abu ɗaya ne: Ingilishi ba shi da kalma guda tak da za a ɗora a gurbin waccan. Ingilishi aka mayar mudun awo, duk abin da bai shiga mudun ba sai a ce ya gagari duniya. Da za su riƙa tambayar masu wasu harsuna, da rabin jerin ya zube.

Ɗauki Schadenfreude ta Jamusanci, wadda kusan ba a yin irin wannan jeri babu ita. Kalmomi biyu aka haɗa, Schaden wato cuta ko ɓarna, da Freude wato farin ciki: murnar da mutum ke yi idan masifa ta faɗa wa wani. Turawan Ingila ba su da tasu, sai suka ara. Amma almajirin da karatunsa ya kai Suratul A'araf ya riga ya haɗu da ita a aya ta 150, inda Annabi Haruna ke roƙon ɗan'uwansa Annabi Musa, "fala tushmit biyal a'ada'a", kada ya sa maƙiya su yi masa dariya. Larabawa suna ce mata shamata, kuma tana cikin abubuwan da Manzon Allah (SAW) yake neman tsari daga gare su. Bahaushe yana da dariyar ƙeta, yana kuma da "Allah ya ƙara" da "maganinka ke nan", waɗanda ko yaro ya san lokacin faɗinsu.

Haka amae ta Japanawa. A 1971 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Takeo Doi ya rubuta littafi guda a kanta, yana cewa duk mai son gane halin Japanawa sai ya gane amae: yadda yaro ke narke wa uwarsa, yana neman a yi masa abin da zai iya yi da kansa, don ya tabbata ba za a kore shi ba. Turawa suka yi ta juya kalmar suna mamaki. Ka karanta wa kowace uwa a Kano ko Damagaram wannan bayani, kafin ka kai ƙarshe za ta ce maka ai shagwaɓa ce, ga auta nan yana yi, amarya ma tana yi. Sai dai gefen kalmomin biyu bai daidaita ba. Doi ya miƙa amae har tsakanin ma'aikaci da maigidansa, da ɗalibi da malaminsa, yana ganin ita ce ke riƙe da zaman jama'a. Mu kuwa idan aka ce ƙato da gemu yana shagwaɓa, ba yabonsa ake yi ba.

Akwai ma wadda ta fi ba ni dariya. A birnin New Orleans na Amurka suna alfahari da lagniappe, ɗan abin da mai kanti ke ƙara wa mai saye bayan an gama ciniki. Asalinta yapa ce ta harshen Kecuwa na tsaunukan Kudancin Amurka, ta biyo ta Sifaniyanci ta iso musu. Wannan ai gyara ce, wadda mai gyaɗa da mai nono suke yi kullum, har Turancin buroka na Najeriya ya are ta daga Hausa ya mayar da ita jara.

Wasu kalmomin kuma labarinsu ne aka yi wa gishiri har ya fi miyar yawa. Shahararren misali shi ne maganar cewa mutanen Inuwit na yankin ƙanƙara suna da kalmomi ɗari na dusar ƙanƙara. Asalin zancen, a 1911 masanin al'adu Franz Boas ya kawo kalmomi huɗu kacal a matsayin misali. Masanin harshe Benjamin Lee Whorf ya ɗauki zancen a 1940 ya faɗaɗa shi, daga nan kowa ya karɓa sai ya ƙara nasa, har jaridar New York Times ta rubuta ɗari a 1984. Sai a 1986 wata masaniya, Laura Martin, ta bi sawun labarin ta nuna yadda ya kumbura a hanya. Gaskiyar da ke ciki ba ta da wani abin al'ajabi. Duk wanda rayuwarsa ta rataya a kan abu yakan rarrabe shi filla-filla. Mai kula da barga a gidan sarauta ba ya cewa doki kawai, yana da akawal da kili da bidi da danda. Manomi ba ya haɗa kaura da farfara ya ce duk dawa ce.

Sai mamihlapinatapai, ta harshen Yagan na can ƙarshen kudancin Cile da Ajantina, wadda littafin bajinta na Guinness ya taɓa sa wa lambar kalmar da ta fi kowace dunƙule ma'ana. Fassarar da ake yawo da ita ita ce kallon da mutum biyu ke yi wa juna, kowa yana fatan ɗayan ya fara abin da dukansu suke so. Ni dai da na ji haka, kallon-kallo ce ta faɗo mini a rai. Ban da haka, masana sun nuna cewa ba kalma ce irin ta ƙamus ba. Akwai tushen aikatau a tsakiya mai nufin rasa abin yi, aka lanƙaya masa ɗafa-goshi mai nuna juna, da ɗafa-ƙeya da dama, ciki har da mai nuna mutum biyu ne. Wato jimla ce aka rubuta babu tazara. Hausa ma tana yin irin wannan a ƙaramin mataki: daga saya muna samun sayo, wadda Bature sai ya yi kalmomi huɗu ko biyar kafin ya ce a je a saya a kawo nan, ga kuma saye da sayar. Ba wanda ya sa sayo a littafin bajinta. Cristina Calderón, mace ta ƙarshe da ta tashi da Yagan a matsayin harshen uwa, ta rasu a 2022 tana da shekara 93, kalmar kuwa tana nan tana yawo a kan hotunan masoya.

A 2004 wani kamfanin fassara na Landan ya tambayi tafintoci kusan 1,000, ya fito ya ce ilunga ta harshen Ciluba na Kwango ita ce mafi wuyar fassara a duniya: wai mutumin da zai yafe laifin farko, ya jure na biyu, amma ba ya ƙyale na uku. BBC ta ɗauka, duniya ta yaɗa. Daga baya aka yi ta ja-in-ja a kan ma'anar. Abin da kowa ya yarda da shi dai shi ne Ilunga suna ne sananne a ƙasar, har firaministan da aka naɗa a 2019 sunansa Sylvestre Ilunga.

Duk da haka, kuskure ne mutum ya tattara ya ce ai maganar duka shirme ce. Akwai abin da ke zubewa a hanya idan an yi fassara, sai dai ba a inda masu jerin suke nuna mana yake ba.

Saudade ta Fotugisanci ita ce ta fi dacewa a tsaya a kanta, don iƙirarin cewa ba ta fassaruwa ya kusa shekara 600. Sarkin Fotugal Duarte, wanda ya rasu a 1438, ya rubuta a littafinsa Leal Conselheiro cewa bai san wata kalma a Latin ko wani harshe da ta yi daidai da ita ba. A bakin mutanen Lisbon na yau da kullum ba wata kalmar falsafa ba ce. Uwa za ta buga wa ɗanta da ke aiki a Faransa waya ta ce tana da saudades ɗinsa, wato tana kewarsa. Idan ya zo gida hutu sai su ce sun zo matar saudades, kashe kewar, daidai da yadda muke cewa ɗebe kewa. Kuma ba su kaɗai ke da'awar mallakar wannan ciwo ba. Mutanen Romaniya suna cewa dor tasu ba ta da na biyu, mutanen Wales suna faɗin haka a kan hiraeth, Jamusawa a kan Sehnsucht. In al'ummomi huɗu kowace ta ce ita kaɗai ta san kewa, ka san kewar ta kowa ce.

Abin da ba na kowa ba shi ne kayan da aka ɗora wa kalmar. Fotugal ƙaramar ƙasa ce da ta yi ƙarnuka tana tura mazajenta teku, zuwa Indiya da Barazil da gaɓar Afirka, da yawa ba su dawo ba. Daga baya talauci ya kori wasu dubbai zuwa ƙetare neman abinci. Waƙoƙin fado na unguwannin Lisbon a kan saudade suka ginu. A farkon ƙarni na 20 marubuci Teixeira de Pascoaes ya kafa wata mazhabar adabi sukutum a kanta, yana cewa ita ce ruhin al'ummarsu. Barazil ta ware mata ranar 30 ga Janairu. A tsibiran Kef Bade, inda ake cewa sodade, tana ɗauke da tunawa da waɗanda aka kwasa zuwa aikin gandu a Sawo Tome. Idan ka fassara ta da kewa ka faɗi gaskiya, amma jiragen ruwan da matan da ke jira a bakin gaɓa duk sun tsaya a can. Kuma abin yana aiki ta ɗaya ɓarin. Ka ba ɗan Fotugal kalmarmu bege, zai ce saudade, ya yi daidai kuma. Amma ba zai ji abin da Bahaushe ke ji ba idan aka ce begen Annabi, da sha'irai da daren Mauludi da dattijon da hawaye ke zubo masa idan an ambaci Madina.

Ubuntu ta harsunan Zulu da Kosa na Afirka ta Kudu ma haka take. Ginin kalmar bai da wuya a wurinmu: daga tushen da ya ba da umuntu, mutum, aka samo ta, kamar yadda muka samo mutunci da mutuntaka daga mutum. Karin maganarsu umuntu ngumuntu ngabantu, mutum ba ya zama mutum sai da mutane, ba ta da nisa da namu na cewa mutum rahama ne. Amma da aka zo rubuta tsarin mulkin wucin gadi na Afirka ta Kudu a 1993, a cikin rubutun Ingilishi aka bar ubuntu yadda take, a wurin da ake cewa ƙasar tana buƙatar fahimta da gyara, ba ramuwa ba. A 1995 alƙalan kotun tsarin mulki suka jingina da ita a shari'ar Makwanyane, wadda ta soke hukuncin kisa. Ba don Ingilishi ya rasa kalmar tausayi suka bar ta ba. Ƙasar da ta fito daga mulkin wariya tana son dokarta ta yi magana da bakin waɗanda aka danne, kuma wannan aikin fassara ba za ta iya yinsa ba.

Idan aka tambayi Bahaushe kalmarsa da ba ta fassaruwa, yawanci santi zai kawo. Ta cancanci shiga jerin, don ban san wani harshe da ya ware suna ga surutun da daɗin abinci ke sa mutum ya yi ba tare da ya ankara ba, har abokan ci su kwashe da dariya su ce a ba shi waigi. Amma santi mai sauƙi ce. Jimla ɗaya ta ishe ka ka bayyana ta, baƙo ya yi dariya ya ce su ma suna yi.

Masu wuyar su ne waɗanda ba mu ɗauke su komai ba saboda kullum suna bakinmu. Kunya, misali. A 1974 Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa a Oxford, ya fitar da laccarsa a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa halaye goma, kunya na ciki tare da gaskiya da amana da haƙuri da karamci. Ƙamus zai ba ka kalmar shame. Matsalar ita ce, a wurin Bature na yau wannan kalma ciwo ce, abin da ake zuwa wurin likita a rabu da shi. A wurinmu kuwa in aka ce yarinya mai kunya ce an gama yabonta, in aka ce wa mutum mara kunya an gama zaginsa. Kalma ɗaya ce ke aiki a "abin kunya ya yi", da "ya ba ni kunya a gaban mutane", da "ina jin kunyarsa". Na ƙarshen nan ba ya nufin na yi laifi, yana nufin ina ganin girmansa. Kunya ce ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ta hana suruki zama ya ci abinci a gaban surukarsa. Mai fassara labarin Hausa zuwa Ingilishi, idan ya zo inda uwa ta kau da kai ta ƙi ɗaukar ɗan farinta a gaban mutane, duk kalmar da ya zaɓa mai karatunsa zai ɗauka ba ta son yaron ne. Balarabe ba zai sha wannan wahala ba, yana da haya'u. Bafulatani yana da semteende, ɗaya daga ginshiƙan pulaaku, wadda mu ma da muka rasa yadda za mu faɗe ta sai muka are ta muka ce fulako.

Kara ta fi kunya zamewa. A je ɗaurin aure a ga uban amarya yana zaune a gefe, shi ya haifa, shi ya ciyar, shari'a ma shi ta ba walicci, amma ya bar wa wansa ko amininsa ya ba da auren. Ba tsoro ba ne, ba kuma kyauta ba ce. Ya janye daga haƙƙinsa ne don ya girmama wani, ba tare da an roƙe shi ba kuma ba tare da ya faɗa ba. Sannan kara tana buƙatar mutum biyu. Wanda aka yi wa dole ya gane kara aka yi masa, ya san iyakarsa, wata rana ya rama. In ya ɗauka haƙƙinsa ne aka ba shi, sai a ce wane bai san kara ba. Ana iya bayyana duk wannan da kowane harshe, ga shi yanzu na yi da sakin layi guda. Amma a tsakiyar labari ko a bakin tafinta a kotu, babu wurin sakin layi.

Ga kuma sannu. Gaisuwa ce, jaje ce, godiya ce, yabawa ce. Ka iske mutum yana faskare ka ce sannu da aiki, yaro ya yi tuntuɓe ka ce sannu, mai jego sannu, matafiyi sannu da hanya. Ingilishi ba shi da abin da ake faɗa wa wanda aka tarar yana aiki, shi ya sa 'yan Najeriya suka lanƙwasa well done ta koma gaisuwa, suka kuma lanƙwasa sorry ta koma jaje, har Bature ya yi tuntuɓe a ce masa sorry ya juyo yana cewa ai ba laifinka ba ne. Amma Bayarabe yana da e ku ise, Baturke yana da kolay gelsin, wato Allah ya sauƙaƙa, mutumin Iran yana cewa khaste nabashi, kada ka gaji, Japanawa suna da otsukaresama. A nan Ingilishi ne baƙon, sauran duniya ta fahimci juna.

Akwai wani mataki da ya fi na kalmomi zurfi, wanda masu jerin ba sa kula shi don ba ya yin kyau a hoto. A wata maƙala ta 1959, masanin harshe Roman Jakobson ya ce bambancin harsuna yana cikin abin da kowane harshe ke tilasta maka ka faɗa, don abin da za a iya faɗa kam kowane harshe yana iyawa. Hausa ba ta barin ka yi maganar mutum ba ka nuna namiji ne ko mace ba: ya zo ko ta zo, kai ko ke. Turkanci da Yarabanci da Fulatanci da Barbarci ba ruwansu da wannan. Marubucin Turkiyya zai iya yin shafi goma yana ba da labarin wani ba ka san jinsinsa ba, da gangan, mai fassara zuwa Hausa kuwa tun kalmar farko sai ya tona asirin. Turkanci shi ma yana da nasa tilas: in ka ce mutum ya zo, ƙarshen aikatau zai nuna ko da idonka ka gani, geldi, ko labari ka samu, gelmiş. Mu muna da wai da ashe, amma ganin dama ne, in mun so mu bar su. Ma'aikacin gidan rediyo da aka miƙa wa labari cewa an kama brother ɗin wani minista yana cikin wannan tarko kullum: wansa ne ko ƙanensa? In ya ce ɗan'uwansa ya tsira, amma ya buɗe ƙofar da ta haɗa har da ɗan baffa da ɗan unguwa. In uncle ne, kawu ko baffa? A maganar gado da walicci wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Mafi asara a wurina su ne 'yan kalmomin nan na amsa-kama: fari fat, ja wur, baƙi wuluk, ya jiƙe sharkaf, gari ya yi tsit. A fassara duk sukan koma "ƙwarai".

To ko wanda harshensa ba shi da kalma ba ya jin abin? Bincike bai goyi bayan wannan ba. Rashanci ya raba shuɗi biyu, goluboy mai haske da siniy mai duhu, kamar launuka daban. Wani gwaji da aka buga a 2007 ya nuna masu jin Rashanci sun ɗan fi masu Ingilishi saurin bambance su, amma ratar ba ta kai ƙiftawar ido ba, kuma kowa ya ga bambancin. Suna yana sa a riƙa lura da abu, a yi hira a kansa, a koya wa yara. Iyakarsa ke nan.

Masu fassara na gaske ba su da lokacin cewa abu ya gagara, dole su yi wani abu. Malaman tafsiri sun fi kowa sanin haka. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi bai kira aikinsa fassarar Alƙur'ani kai tsaye ba, ya ce tarjamar ma'anoni. Da ya zo kan muttaƙina a farkon Baƙara, ga "tsoron Allah" a kusa, wadda kowa ke faɗa, amma ya rubuta masu taƙawa, ya bar kalmar Larabcin. Dalilin a fili yake: tushen kalmar kariya ne, mutum ya sa garkuwa tsakaninsa da abin da zai jawo masa fushin Ubangiji, tsoro kuwa ɓangare ne kawai. Da ya zo kan As-Samad a Ƙulhuwallahu sai ya bi wata hanyar, ya warware ta da jimla: wanda ake nufin Sa da buƙata. Malaman tafsiri sun kawo wasu ma'anonin kalmar, amma a layi ɗaya dole a zaɓa. Aro, ko warwarewa, ko zaɓen ɓangare guda a bar saura, hanyoyin ke nan, kuma da ta farko Hausa ta samu albarka da niyya da amana da haƙƙi, waɗanda yau ba mai jin baƙuntarsu.

Inda abin ke zama da haɗari shi ne inda hukumomi biyu suka haɗu a kan kalma ɗaya. Ranar 28 ga Yulin 1945, kwana biyu bayan sanarwar Potsdam da ta nemi Japan ta miƙa wuya, firaminista Suzuki Kantaro ya gaya wa 'yan jarida matsayin gwamnatinsa da kalmar mokusatsu. Harafinta na farko shiru, na biyu kisa. Tana iya zama kawaici, wato ba mu ce komai ba tukuna, tana iya zama yin biris na raini. Duniya ta ji ta da ma'ana ta biyu. Ranar 6 ga Agusta aka jefa bam a Hiroshima. Ana yawan ba da labarin kamar kuskuren tafinta ne ya halaka birni guda, amma masana tarihi da dama ba su yarda ba, don a lokacin shugabannin sojan Japan ba su da niyyar karɓar sharuɗɗan, ko da wace kalma aka faɗa.

Wanda ba a jayayya a kan tasirinsa shi ne na Waitangi a ƙasar New Zealand. A watan Fabrairun 1840 wakilin Ingila William Hobson ya tsara yarjejeniya da sarakunan Mawori, 'yan asalin ƙasar, aka ba ɗan mishan Henry Williams da ɗansa Edward su fassara ta cikin dare ɗaya. Rubutun Ingilishi ya ce sarakunan sun miƙa wa Sarauniya Victoria sovereignty, wato cikakken ikon mallakar ƙasa wanda babu wani a samansa. Mawori ba su da wannan tsari, kowace ƙabila da sarakunanta. Williams ya rubuta kawanatanga, daga kawana, wadda ita kanta aron kalmar gwamna ce, kamar a ce da Hausa gwamnanci. Abin da Mawori suka sani game da kawana shi ne gwamna Bilatus na cikin Linjila da gwamnan Ingila da ke zaune a birnin Sidni na Ostireliya. A sashe na biyu kuma rubutun Mawori ya tabbatar wa sarakunan tino rangatiratanga a kan filayensu da ƙauyukansu da taonga, dukiyoyinsu masu daraja. Rangatira shi ne sarki, don haka abin da suka ji an karanta musu shi ne: Sarauniya ta ɗauki gwamnanci, ku kuma cikakkiyar sarautarku tana hannunku.

Akwai kalmar da ta fi kusa da abin da Ingila take nufi, mana, iko da kwarjinin da sarki ya gada, kuma an yi amfani da ita shekara biyar kafin nan a takardar shelar 'yancin kai ta 1835, wadda Williams ɗin ya taimaka wajen fassarawa. Masana da yawa suna ganin da ya rubuta mana, da wuya wani sarki ya sa hannu. An fara sa hannu ranar 6 ga Fabrairu, daga ƙarshe sarakuna fiye da 500 suka sa, kusan dukansu a kan rubutun Mawori. Su 39 kacal suka sa a kan na Ingilishi.

A 1975 gwamnati ta kafa kotun musamman ta Waitangi, aka ba ta ikon tantance ma'anar rubutun biyu. A 1986 kotun ta ce harshen Mawori kansa yana cikin taonga, shekara guda bayan haka ya zama harshen hukuma. A 2014 ta yanke cewa sarakunan arewacin ƙasar da suka sa hannu a Fabrairun 1840 ba su miƙa ikon mallakarsu ba. A Nuwamban 2024 aka kawo wa majalisa ƙudurin sake fayyace ƙa'idojin yarjejeniyar, 'yar majalisa Hana-Rawhiti Maipi-Clarke ta yaga kwafinsa a zauren ta fara rawar gargajiyar Mawori da ake kira "haka", dubban mutane suka yi tattaki zuwa Wellington, babban birnin ƙasar. A Afrilun 2025 majalisa ta yi watsi da ƙudurin da ƙuri'a 112, masu goyon baya 11.